Sabon Hannun Babur da Ƙofar Zauren Surukina

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da safiyar sunan ɗana na fari, kuma ko na so in manta, mutanen Unguwar Lalle ba za su bari ba.

Ni malamin dabbobi ne a Sabon Birni. Aikina bin rugage, allurar shanu da duba awaki, tun daga bayan gari har Burkusuma can bakin iyaka. Saboda haka babur ɗina ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Dogo ne, mai tayu masu haƙora, yana ratsa rairayi da kwazazzabo, in ya hau kwalta kuma ya miƙe. In na hau shi da ƙyar yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa (ni ba dogo ba ne, kuma a bar maganar a nan). A lokacin duk yankinmu babu mai irinsa sai ni.

Surukina malami ne a Unguwar Lalle, magidanta ke ɗaukar karatu a zaurensa. Ba za ni faɗi sunansa ba, ai suruki ne, Malam kawai muke ce masa. Sa'ad da na nemi auren 'yarsa Rabi, ya ce wa baffana, "Yaron ba shi da aibu, sai dai masu hawan irin wanga babur kansu na rawa." Baffa ya kawo mini maganar yadda take, bai rage mata gishiri ba. Ta yi mini zafi ƙwarai. Tun daga ranar na ɗaura niyyar sai Malam ya janye ta. Shekara biyu cur, in za ni gidansa, tun daga bakin gari nake kashe babur in tura shi da hannu ina haɗa gumi. In na durƙusa gaisuwa ba na ɗaga ido. Ko dariya a gabansa aunawa nake yi. Har na fara jin ƙishin-ƙishin wai ya ce wa wani, "Ashe yaron natsattse ne." Wannan kalma ita ce duk abin da na tara a gidan, kuma ina ji da ita.

Da cikin Rabi ya tsufa ta koma gida haihuwa, kamar yadda ake yi a na fari, Allah ya sauke ta lafiya, namiji. To a wajenmu uban ɗan fari ba ya nuna fuskarsa ranar suna, balle a ƙofar surukai. Baffanni ke karɓar barka, abokai ke raba goro, kai kuwa ka ɓace kamar ba kai ka yi aikin ba. Ko sunan ma ba ka tambaya, manya ke zaɓa, sai daga baya ka tsinta a bakin mutane. Abu ɗaya ya rage a wuyana, ragon suna. Na riga na zaɓe shi a rugar wani abokina Bafillace, muka kuma shirya da Sani, yayan Rabi, cewa ana gobe suna da yamma za ni kawo shi ta lungun da ke bi bayan gidan, ya karɓa, in juya ba wanda ya gan ni.

Ana saura kwana biyu aiki ya kai ni kasuwar Bafarawa. A nan na ga abin da ya jawo mini. Wani ɗan Nijar ya baza kayan babur a kan leda, a ciki har da hannun babur sabo fil, ja, mara nauyi, ga faɗi ga tsawo, da sanda a tsakiya an naɗe ta da soso. Nawa na asali baƙin ƙarfe ne, ya ɗan karkace tun wata faɗuwa da na yi a rairayin gulbi. Gaskiya karkacewar ba ta taɓa hana ni komai ba, shekara guda ina tuƙi a haka. Amma da na riƙe sabon jan nan na buɗe hannuwa, sai na ji kafaɗuna sun yi faɗi. Nan take na gano cewa tsohon yana sa ni ciwon baya.

Washegari da hantsi na kai wa Ila, bakanikenmu na bakin tasha. Ya kwance notuna huɗun da ke riƙe da tsohon, ya zare madubai da maɓallan fitila da oda, ya ɗora sabon. Sai ya tsaya yana jan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai.

"Malam, wanga hannu ya fi ƙarfin wayoyinka," in ji shi. "Ta birki da ta kuloci sun kai da ƙyar. Ta totur ko ta ɗame. Ka bari in aika garin Isa a samo doguwa."

Na ce, "Gobe suna, Ila."

"To mu mai da tsohon, in anka watse suna sai mu sa wanga."

Na ce a'a.

"To bari in rage mashi yatsa biyu-biyu ga kowane gefe."

Na ce ai faɗin na gani na saya, in ya yanke me ya rage? Ila ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "Naka na." (Ku tambaye ni, mutumin da al'ada ta ce ya ɓuya gobe, wa zai yi wa ado? Na sha tambayar kaina, har yau ban samu amsa ba.)

Aikin da na ɗauka na awa guda ne ya cinye wuni. Sabon hannun ba shi da 'yan ramukan da maɓallai ke zama, sai da aka nemo abin huji. Robar riƙo ta ƙi shiga, sai da aka jiƙa ta da fetur. Ila ya bi da wayar totur ta wata hanya don ta ɗan samu sarari, yana yi yana gunaguni. Kafin mu gama an kira magariba, zuwa ruga ya faskara. Na buga wa Sani waya na ce rago sai da sassafe. Da zan fita daga rumfar na karya kan babur dama, na ji injin ya ɗaga murya shi kaɗai. Ila ya ɗaga hannu zai yi magana, ni kuwa na ce a raina, ka ji, har ƙarfi ya ƙaru. Na wuce abina.

Ina sallame asuba na kama hanya. Aka ɗaure mini ragon a kan kariyar bayan babur, fari ne mai baƙin wuya, ƙato. Na naɗe fuskata da rawani, ido kawai a waje, wai don kada a gane ni. A kan babur ɗin da babu irinsa a ƙaramar hukuma biyu. Hanyar daji miƙaƙƙiya ce, kwanoninta masu faɗi, ban ji komai ba sai daɗi. Ina tafe ina kallon inuwata.

Na iso Unguwar Lalle rana ta fara ɗagawa. Da a ce ranar yau da kullum ce, da na kashe na tura. Amma ga rago mai nauyi, ga rairayi, ga na makara, sai na ce bari in lallaɓa da giya ɗaya, a hankali, ba ƙara. Daga nesa na hango ƙofar gidan Malam cike. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna, liman na tsakiya, baffana na gefensa, takalma jere a bakin shimfiɗa. Rago kawai ake jira. Lungun da zan shiga yana hannun dama, taku kaɗan kafin taron, kuma matsattse ne, sai an karya kan babur gaba ɗaya.

Na karya.

Wayar nan da ta ɗame ta ja totur har ƙarshe. Babur ya yi wata kururuwa da ban taɓa jin ya yi ba, ya zabura. Tsoro ya sa na saki kuloci maimakon in matse. Lungu ya wuce ni. Na bi ta kan takalman dattawa, na tsallake gefen tabarma, faifan goro ya tashi sama. Na ga liman, mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, ya yi tsalle guda ya koma bayan dakali. Rago na kuka a bayana, ni ina salati cikin rawani. Abin da ke gabana kawai shi ne ƙofar zaure a buɗe, na nufe ta.

Tsohon hannun babur ɗina ya sha shiga ƙofar nan da tura, har da ragowar wuri. Sabon ya fi ta faɗi da kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Ya cije a jikin ƙarfen ƙofar, ƙam. Tayar gaba na cikin zaure, ni da rago muna waje, cikina ya bugi tanki, rawani ya warware ya rataye a madubi. Injin bai mutu ba, sai ihu yake, tayar baya na watsa wa jama'a rairayi.

Wani hannu ya zo ta gefen kafaɗata, ya murɗa makulli. Wuri ya yi tsit. Na bi hannun da kallo har zuwa fuskar mai shi. Malam ne.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ga ni kai ba hula, a kan sirdi, na fi surukina tsawo, ba halin durƙusawa. Ga mata sun taru a ƙofar ciki suna leƙe, na ji wata tana cewa, "Ai uban yaron na." Wata ta ce, "Ɗan fari? Shi da kanai?" Baffana kuwa ya sunkuyar da kai yana tsintar goro, kamar bai taɓa ganina ba. A raina na ce shi ke nan, shekara biyu na tura babur a banza.

Malam bai dube ni ba. Ya juya ya ce, "Sani, kwance rago. Liman, bisimilla, abin da muka jira ya iso."

Sani ya sauke ragon yana cije leɓe. Aka koma aka zauna, kowa na neman takalminsa da ido. Ni kuma aka bar ni da aikina, domin na toshe hanya, ba mai shiga ba mai fita, fura da waina duk suna ciki. Na zame na sauko, na ciro sifana daga ƙarƙashin sirdi, na rarrafa ta gefen taya na shiga zaure. Dole sai an sassauta notuna huɗun nan kafin hannun ya juya ya saki ƙofa. Amma da na taɓa sai babur ya nemi kifewa. Sai na ji ya tsaya daram. Malam ne ya riƙe shi ta waje, da babbar rigarsa da carbinsa.

Haka muka kasance, ni a durƙushe ciki, shi a tsaye waje, taya a tsakaninmu. Sifana na ta zamewa. A waje liman ya yi addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan yaro sau uku. Sunan mahaifina ne, wanda ya rasu ina aji uku na firamare. Ban san haka suka shirya ba. Hawaye suka zubo mini, ga baƙin mai a hannu, na goge fuska na ƙara ɓata ta.

Malam ya sunkuyo kamar mai duba noti. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka ji da kunnenka?"

Na ce, "Na ji, Malam. A gafarce ni."

Ya ce, "Ranar sunan nawa na fari, bayan rumbu na wuni ina kasa kunne. Iska ya ɗauke muryar maroƙi, ban ji komi ba. Sai da la'asar wata tsohuwa ta gaya man." Sai ya ƙara da cewa, "Kai ka fi ni dabara, sai dai taka ta cika ƙara. Kwance na hagun, shi ya riƙe."

Na kwance na hagun, hannu ya juya, babur ya fita. Malam ya karkaɗe rigarsa ya koma cikin jama'a. Ni kuma na tura abina har bakin gari, ja ɗin nan na lilo a gaba, ba wanda ya ce mini kanzil sai da na yi nisa, sannan na jiyo dariyar ta fashe.

Kalmar natsattse dai ban sake jin an ce ya faɗe ta a kaina ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma daga ranar, in na je gaisuwa, yakan ce in matso kan tabarmarsa, ya tambaye ni lafiyar shanu, har mu yi dariya ba aunawa. Yanzu 'ya'yanmu huɗu da Rabi, kuma duk sunan da aka yi sai liman ya aiko a tambaya ko da babur za ni zo, don ya san inda zai zauna.

Abin da na koya shi ne, in an ce ka ɓuya, ka ɓuya da tsofaffin kayanka. Sabon abu ba ya yarda a ɓoye shi, sai ya kai ka gaban wanda ka fi jin kunya.