Dutsen Guga Biyu na Kaka

"…lafiya lau na kwana, ba don ka kyauta ba. Ina abin da na aike ka?"

"Amarya, ki bari in cire takalmi mana."

Kakata ce, mahaifiyar babana. Wata biyar ke nan da rasuwar kakana, ita kuma ta ƙi barin ɗakinsu da ke hawa na uku. Ita kaɗai take zaune, ga ciwon zuciya. Babana ya roƙe ta ta dawo gidanmu har ya gaji. Shekaranjiya ta aike ni shagon kayan asibiti in nemo mata na'urar farfaɗo da zuciya, wadda take kira dutsen guga biyu. Yau na same ta a kujerarta, talabijin a kunne ba murya, kwalaben magani a jere bakin taga.

"Ga magungunanki na wannan makon."

"Magani na aike ka? Ni dai tun da na aure ka ban ga abin da ka tsinana min ba. Miji ba gemu, ba cefane."

"Ni aka cuta ai. Aka ce min budurwa ce, na zo na tarar da baki kamar ƙofar da aka cire wa ƙyaure."

"Wajen tauna maka abinci haƙoran suka ƙare, mai kunne kamar faifai. Ina na'urata?"

"Ba dutsen guga ba ne, Kaka. Wadda ake sayar wa mutane ɗan akwati ne, da abin mannawa biyu kamar filasta."

"Ƙarya kake. Na gani da idona ya fi sau ɗari. Likita ya goga su, ya ce kowa ya matsa, mutum ya yi tsalle kamar kifi a tudu. Layin nan na bugun zuciya da ya miƙe a allo ya fara rawa. Sai ya buɗe ido ya ce ina matata."

"Kafin fim ya ƙare ma har ya koma gona."

"Shi namiji ne, ba irinka ba."

Na jawo kujerar roba na zauna kusa da ita. Na ce, "A ma'ajiyar kayan da nake aiki, wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta koya mana da mutum-mutumin roba. Ta ce in layin ya miƙe, na'urar ba ta ma bugawa. Zuciyar da ke karkarwa take saita wa zama, ba wadda ta tsaya cak ba. Kuma 'yan mintuna ne kawai."

"Ji ɗan jiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babba dai a talabijin ya hango."

Ta kai min duka da mafici, na kauce.

"To na ji. Kawo min ko ta filastar ce. In ajiye a gefen gado, in na ji abin ya taso in danna. Sai ubanka ya sakar min kunne da zancen komawa gidansa."

"Da wane hannun za ki danna? Wanda abin ya sama faɗuwa yake yi, bai san inda kansa yake ba. Wani ne zai buɗe akwatin, ya manna, ya yi ta danna ƙirji. Wanzami ma ba ya aske ƙeyarsa."

"Wani wa? Sai in auro likita ke nan in sake ka."

"Ba sai likita ba. Kowa. Akwatin magana yake yi, yana gaya maka abin da za ka yi. In bai kamata ya buga ba, ba zai buga ba. Don wanda ya fi kusa aka yi shi."

Ta ajiye maficin a cinya.

"Kowa?"

"Kowa, Kaka."

"Har mai sayar da tikiti?"

A zauren tashar jirgin ƙasa kakana ya faɗi, suna jiran jirgi su biyu. Iyakar abin da muka sani ke nan a gida. Sai ta ci gaba.

"Akwai wani koren akwati a bango, da zanen zuciya. Bai kai taku goma ba. Yarinyar da ke sayar da tikiti ta fito a guje ta ciro shi. Ni na riƙe mata hannu. Na ce ke likita ce? So kike ki ƙona min miji? Ai na san yadda abin ke cilla mutum. Ta ce Mama ki bari, na ce ba mai taɓa shi sai likita. Jama'a suka ce gaskiyar tsohuwa. Muka kewaye shi muna masa fifita har motar asibiti ta iso. Yarinyar na tsaye da akwatin a rungume."

Ta laluba rimot ta kashe talabijin.

"Wata biyar ina zagin likitoci don ba su goga masa dutsen ba. Cewa nake rowa suka yi."

Na so in ce mata ko an manna masa ba zai tashi ba. Amma ban sani ba, kuma Kaka tana gane ƙaryata tun ina rarrafe.

"Ba kowa ke tashi ba, ko an sa. Malamar ta faɗa mana."

"Amma wasu na tashi."

"Wasu na tashi."

"To." Ta daɗe tana kallon takalman kakana, suna nan bakin ƙofa inda ya saba cire su. "Da-na-sani ƙeya ce. Kai dai ka ji daɗi, abokin takararka ya bar maka fili."

"Ya bar min aiki dai. Shi ya sha ƙuruciya, ni aka bar ni da tari da man zafi."

Ta yi dariya, gajera, ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta nuna ƙusar da ke bayan ƙofa. Makullin kakana ne a rataye, da igiyarsa da ta yi baƙi don riƙo.

"Ɗauka. Gidan ubanka ba zan je ba, wa zai zauna wa takalman nan? Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda. Kwaso tsummokaranka ka dawo. Miji ai a ɗakin matarsa yake kwana."

"Da rana fa? Ina wurin aiki har yamma."

"Sai in roƙi zuciyar ta jira ka tashi. In ka dawo ka tarar layin ya miƙe, kada ka wahalar da kanka, angona. Kai ka ce ba ta bugawa."

Na sa makullin a aljihu na fita ɗauko jakata. Ina sauka ina ƙirga matakala. Arba'in da biyu ne. Har na kai titi ina auna minti nawa mutum zai yi kafin ya haye su a guje.