Rasuwar Donka, Wadda Ta Mutu da Bututun Awo a Salansa

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, Stoyko Balabanov na layin bayan kasuwar garin Peshtera yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Donka. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi a zauren gwajin motoci, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta yi dakon tattasai da tumatir, ta kai amare bakwai coci, kuma kowace Lahadi takan hau dutse da mahaifiyar Stoyko zuwa kabarin mijin tsohuwar a ƙauyensu, inda bas ta daina zuwa tuntuni. Ko ƙanƙara ta rufe gari, sau biyu kawai take cewa "kyar-kyar-kyar", a na uku ta ce "burum".

Ciwon ajalinta ya samo asali ne bara, da tsohon injinta ya gaji. Zdravko, mijin ƙanwar Stoyko, makanike ne. Ya ce, "Yaya, bar min ita kwana goma." Ya dasa mata injin wata mota da ta fi ta ƙarfi, ya sake saita ƙwaƙwalwar injin da kwamfuta. Donka ta fito tana zillo kamar budurwa, har Stoyko ya kai wa surukin nasa kwalbar barasar nan da suke kira rakiya don godiya.

Sai gwajin hayaƙi na shekara ya zo. Idan an taka totur, awo lafiya lau. Da an sake ta a silo, tana tsaye tana numfashi a hankali, sai lambobi su haura su yi ja.

Mai gwajin ya ce, "Kawu, wannan ai guba take fitarwa. Ka dawo da ita in ta tuba."

Mako uku Stoyko yana jinya. Ya sauya fulogi, ya wanke nozul, ya sayi sabuwar na'urar nan mai shinshinar hayaƙi a salansa. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ko akwai inda iska ke satar shiga. Ranar gwaji na biyu sai da ya kai ta garin Pazardzhik ya dawo don ta shiga da zafinta. Ta sake faɗuwa.

Matarsa Nevena ta ce, "Ni da na yi wata guda ina tari, ko shayi ba ka dafa min ba."

Ya koma wurin Zdravko ya tambaye shi, anya ba tukunyar tace hayaƙi ba ce?

"Haba Yaya! Da hannuna na mayar da ita, lafiyarta ƙalau. Mai ne ya yi mata yawa. Mu rage mata ci."

Aka rage. Aka ƙara ragewa. Donka ta soma rawar ɗari a tsaye, jikinta ya yi zafi rau, amma ba ta yi ƙorafi ba. A gwaji na uku ta daure minti biyu, ta ce "tak, tak... tak", ta yi shiru. Yunwa ta ƙone mata ciki.

Maƙwabcin Stoyko, Ilko mai walda, shi ne ya yi binciken gawa. Ya yanka tukunyar ya ɗaga ta sama.

"Stoyko, leƙa ka gani. Har rana ake hangowa ta wancan gefen."

Fayau take. An ƙwaƙule kayan cikinta tas, waɗanda kowa ya san suna tsada a kasuwa. Da aka tuntuɓi Zdravko, cewa ya yi a haka ya same ta, yana magana yana tsaye a ƙarƙashin sabon rufin garejinsa. Stoyko ya dube shi, ya dubi ƙanwarsa Petrana da ke ta goge hannu a jikin siket ta kasa ɗago kai, ya juya ya tafi.

Ta rasu ta bar Stoyko da gwiwoyinsa masu ciwo, da tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tabon baƙin mai a ƙofar gida. Ta kuma bar mahaifiyarsa, tsohuwa Tsveta, mai shekara tamanin da huɗu, wadda har yanzu kowace Lahadi take ɗaura baƙin ɗankwalinta, ta riƙe kyandir, ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Ba wanda ya iya gaya mata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga gidan marigayiyar zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bakin gari. Za a raba sadakar dafaffiyar alkama a ƙofar gida, kamar yadda aka saba yi wa mamaci. Ba a buƙatar furanni, ba a kuma buƙatar shawarar makanike ko ɗaya. Babbar motar da za ta ɗauki gawar tana turnuƙe layi da baƙin hayaƙi, amma ta ci gwajinta na bana, takardarta na manne a gilashi. Ana roƙon masu rakiya su toshe hanci, su yi shiru.