Jirgin da Ba Shi da Birki

Tumba matar Alhaji Nomau ce ta fara gaya mini. Ta shigo da hantsi ina tsakar gida ina gyaran kifi, ta toshe hanci da bakin mayafi kamar yadda ta saba, ta ja kujera nesa da ni ta zauna. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ige, kin san mijinki da mijina ba sa ga-maciji?"

Na ce, "Wane mijin nawa? Ɗaya gare ni, kuma jiya da idona na ga ya fita wajen naki."

Ta ce, "Fita yana fita. Tabarma ɗaya suke zama, amma kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Kowa da kwanonsa a gaba, kamar an yi rabon gado."

Malam Labbo nawa da Alhaji Nomau tare suka tashi a nan Yauri. Malam a kan ruwa ya tsufa, yana tuƙa jirgin fito tsakanin gari da tsibirai, har gwiwa ta ce masa ya isa haka. Alhaji kuwa direban babbar mota ne, ya yi ta kai albasa kudu sai da ido ya sauke shi. Tun muna amare suke ciyayya. Da an idar da magariba kwanona ya fita, na Tumba ya fita, a haɗa su a gindin darbejiyar ƙofar gidan Alhaji, su ci tare. Ko lokacin da aka yi mana rasuwa ba a fasa ba.

To ni dama na ga canji. Kwanon da ke dawo mini a suɗe ya koma dawowa da rabin tuwo. Malam ya fara ƙara ɗaure tazuge, wuyansa ya fito kamar na zalɓe. Ga shi likita ya ja masa kunne kada ya kuskura ya sha maganinsa da cikin wofi. Na ɗauka ciwon ne ya motsa, har na fara tashi ina yi masa addu'a.

Na ce, "Me ya haɗa su? Gona ce?"

Tumba ta ce, "Fim."

Na ajiye wuƙa.

Ashe Mudi, babban ɗan su Tumba, shi ya kawo talabijin da sola ya kafa wa Alhaji a zaure, ya zuba masa finafinai masu fassarar Hausa don ya rage zaman shiru. A ciki akwai wani na 'yan sama jannati. Tsofaffin nan suka zauna bayan la'asar suka kalle shi tas, Tumba tana bayan ƙofa tana tankaɗe, tana jin komai. A ƙarshen fim ɗin an yi wani babban yaƙi can sama inda ba ƙasa ba ruwa. Abokan gaba sun zo da wani jirgi da ya fi garin Yauri girma har da kasuwarsa, za su ƙone duniyar mutane. Shugaban mutanenmu wani dattijo ne, mai fassara yana kiransa Kwamanda Furfura. Da ya ga harsashi ya ƙare masa, sai ya zuba yaransa a wasu ƙananan jirage ya sallame su, shi kuma ya saita nasa jirgin ya faɗa cikin babban, duka suka tashi da wuta.

Tumba ta ce fim na ƙarewa Malam ya share hawaye ya ce, "Namiji ya tafi."

Alhaji ya ce, "Wawa dai ya tafi. Tun daga nesa ya hango abu, maimakon ya taka birki, ya ja baya, ya zagayo masa ta gefe, sai ya rufe ido ya kai karo. In yaron motata ne da tuni na karɓe makulli."

Malam ya ce, "Birki a kan me? Ka ga kwalta a can?"

Alhaji ya ce, "Duk abin da ke da inji yana da birki. Kai ina za ka sani, tunda ba ka taɓa wuce gudun agwagwa ba?"

Da a nan suka tsaya da sauƙi, don sun saba irin wannan. Sai Malam ya ce, "To sarkin birki, ina birkin yake ranar da ka shimfiɗa wa mutanen Koko albasa a titi, suka yi ta miya har shekara ta zagayo?"

Wannan magana ba a yin ta a gaban Alhaji. Kowa ya san motar ta faɗi, kowa ya san ba a faɗa. Tumba ta ce ita kanta sai da ta daina tankaɗe. Can Alhaji ya ce, "Gara ni albasa na zubar. Kai surukinka ka tsoma a kogi da rawaninsa."

Wannan ma gaskiya ce. Babana ne, Allah ya jiƙansa. Har ya rasu bai sake shiga jirgin Malam ba.

Tumba ta gyara zama. Sai ta ce, "Akwai abin da ya fi wannan ba ni mamaki. Shekaranjiya Alhaji yake ce mini, wai Tumba me ya sa kika daina sa kifi a miya? Ni da ƙarninsa ke tayar mini da zuciya, yaushe na taɓa sawa?"

Na ce, "Tsaya. Ni ma Malam ya ce mini tuwona ya yi tauri kwanan nan."

Ta dube ni, na dube ta. Tuwona dai haka yake tun ina amarya, ana iya jifan kare da shi, ban taɓa ɓoyewa ba. Miyar Tumba kuwa, ƙawata ce amma gaskiya ɗaya ce, ruwa ne da aka nuna wa kuka daga nesa. Sai dai tuwonta kamar auduga, ni kuma a miya ba na jin kunyar kowa. Ashe duk shekarun nan munafukan tsofaffin nan tuwon Tumba suke ci da miyata. Tuwona da miyarta kuma su miƙa wa 'yan acaɓa da ke tsayawa a bakin titi, kwano ya dawo a suɗe, kowace a cikinmu tana ta alfahari. Yanzu da aka raba kwano, kowa ya faɗa hannun matarsa.

Muka yi dariya har Tumba ta manta da ƙarni ta saki hanci. Amma dariyar ba ta kai mini ciki ba, don na san wanda ke shan magani.

Da azahar na sami Malam a ɗaki na ce, "Malam, ashe kun ɓata da Alhaji a kan mutanen cikin talabijin?"

Ya ce, "Ba a kan mutane ba ne, a kan gaskiya ne. Kawo mini bahon wanki da ruwa."

Na kawo. Ya ɗauki ƙoƙon shan furarsa ya ɗora a kan ruwan, ya tura shi da yatsa. Ƙoƙo ya tafi a hankali har ya bugi ɗaya gefen.

Ya ce, "Kin gani? Na cire hannuna, ya tsaya? To haka sama take. In kin daina tuƙi, jirgi bai daina tafiya ba. Shi Nomau duk rayuwarsa ƙasa ce ke riƙe masa taya, ya ɗauka ƙafarsa ce. Kuma ki duba abin da Furfura ya yi. Sai da ya sauke fasinja kaf kafin ya tuna da kansa. Wannan tarbiyyar ruwa ce. Na tabbata a gidansu akwai masunci."

Na ce, "Kai ka sauke babana kafin ka tuna da kanka?"

Ya ce, "Ige, har da ke?"

Na ce, "Ni a kan tuwo na zo yi maka magana. Dubi wuyanka. Ka je ka ba shi haƙuri, kai ka fara taɓo albasa."

Ya ce, "Sai ya yarda ba birki."

Na ga abin ba na lallashi ba ne. Na yafa mayafi na nufi gidan su Tumba in ga wannan yaƙi da idona. A zaure na tarar da Alhaji, shi ma riga ta yi masa yawa, hula tana neman rufe masa kunne. Muka gaisa, ya tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har akuyata ya tambaya, bai tambayi Malam ba.

Na ce, "Mai gidan ma yana nan da rai."

Ya ce, "Madalla. Hajiya, ke mai hankali ce, bari in tambaye ki. Da farkon fim ɗin nan jirgin ya zo wata tasha ya tsaya cak, mutane suka sauka da kayansu. Da me ya tsaya? Da addu'a? Kuma ko ba birki, ai akwai giya. Ka sauko da ita ɗaya bayan ɗaya. Jirgi amana ne, ba nasa ba ne, na hukuma ne. Wanda ya iya tuƙi shi ne wanda ya dawo da abin hawa gida."

Na ce, "Alhaji, ka ci abinci kuwa yau?"

Ya ce, "Na taɓa."

Na wuce ciki. Sa'ade matar Mudi ta saka mana fim ɗin a wayarta, ta jingina ta da turmi, ni da Tumba muka zauna muna tsince wake muna kallo. Ni dai ga abin da na gani. Wuri baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, jirage suna ta watsa wa juna wuta ja da kore. Mutane sanye da kaya iri ɗaya suna ta gudu a lungu, ƙararrawa tana ihu, ba mai cewa a kashe ta. Tun daga farko har ƙarshe ban ga an ɗora tukunya ba, ban ga wanda ya ce wa wani sannu da aiki ba. Na ce wa Tumba ai dole su yi faɗa. Furfura kuwa ya ba ni tausayi, don yana kama da wani kawuna. Da ya sallami yaransa ya zauna shi kaɗai a kujera, sai da na ji ƙwalla. Amma na duba ƙafarsa da kyau, ban ga ya taka komai ba, ban kuma ga ya nemi abin takawa ya rasa ba. Hannunsa kawai na gani a kan wani maɓalli.

Tumba ta ce, "To wa ya yi gaskiya?"

Na ce, "Oho. Ba su nuna ƙasan kujerar sosai ba."

Wake bai ƙare ba, sai Sa'ade ta saka mana wani fim ɗin na ban dariya, muka ƙarasa da shi. Kafin in tafi na ja Tumba gefe muka yi magana. Da magariba kwanuka suka fita kamar kullum, suka dawo da saura kamar kullum.

Washegari da sassafe Tumba ta aiko mini da ɗumamen tuwonta. Ni kuma na tashi na yi sabuwar miyar kuka da busasshen kifi da daddawa, na sa man shanu, irin wadda ƙamshinta ke tsallake katanga. Na zuba tuwon a babban akushi guda, na kwarara miyar a kai, na ɗauka da kaina. Ban taɓa kai abinci ƙofar gida ba tunda aka kawo ni, ranar na kai.

Suna zaune a gindin darbejiya suna shan hantsi, wannan ya kalli gabas, wannan ya kalli yamma. Na dire akushin a tsakiyar tabarma na buɗe.

Malam ya waigo ya ce, "Ina nawa kwanon?"

Na ce, "Shi ke nan. Tuwon na gidan Alhaji ne, miyar ta gidanka ce. Wanda ya iya raba su ya ɗauki nasa."

Alhaji ya yi tari. Malam ya dubi sama kamar yana neman hadari. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Ƙamshi yana ta tashi. Can na ga hannun Alhaji ya tafi wajen buta, ya wanke, ya tura wa Malam butar ba tare da ya dube shi ba. Malam ya wanke. Suka sa hannu. Na tsaya a kansu ina riƙe da maganin Malam a bakin zane, ina jin ƙarar haɗiya. Da aka zo kan kan kifi, Alhaji ya tura shi gaban Malam, Malam ya raba biyu ya mayar masa da rabi.

Sai da akushi ya kusa nuna gindinsa Malam ya sami bakin magana. Ya ce, "Ige, an ce jiya kin kalla. Faɗa masa tsakaninki da Allah, Furfura mutuwar jarumi ya yi ko ba ita ba?"

Alhaji ya ce, "A'a, bar ta ta faɗi abin da ta gani. Hajiya, mutuwar ganganci ce ko ba ita ba?"

Na miƙa wa Malam maganinsa na ce, "Wace mutuwa? Jiya na gan shi a fim na gaba yana rawa a gidan biki, har ya yi tumbi. Duk yaƙin nan da aka yi a sama, ku biyu kaɗai ya ramar."