Yadda Za Ka Kori Surukarka da Bawul Ɗin Ruwan Zafi

Gidanka a Ballarat yake, garin sanyi, tsohon gida mai ɗumama ɗakuna da bututun ruwan zafi? Surukarka ta zo daga Cairns, garin zafi, da sunan kwana biyu, ta mamaye ɗakin baya inda talabijin da kujerarka suke? To, share hawayenka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin wasan ƙarshe na ƙwallo ta tattara komatsanta. Maƙwabcina Gavin Treloar ya gwada su a kan surukarsa Beryl, ina tsaye a kansa.

1. Ka nuna ka damu da ita

Mutumin Cairns ba ya shiri da sanyi, shi ne makaminka. Amma kada ka fito fili. Gavin kullum da safe sai ya leƙa ɗakin.

"Mama, an tashi lafiya? Sanyin nan dai bai taɓa ki ba ko?"

"Garau nake, ɗan nan. Matsa, ka tare min talabijin."

Zuciyarsa na tafasa, ya matsa.

2. Ka yaudari ma'aunin zafin da ke bango

Wannan ɗan akwati wawa ne, abin da ya ji a gefensa shi ne duniya. Dasa masa fitila mai zafi a ƙarƙashi, zai ɗauka rani ya shigo, ya hana ruwan zafi zuwa ɗakin. Gavin ya kai fitilar da sunan kyauta. Kafin ya juya baya, Beryl ta ɗauke ta zuwa gefen kujerarsa.

"Allah ya yi maka albarka, yanzu ina ganin saƙata."

Ka ce amin, ka wuce mataki na gaba.

3. Ka shiga ƙarƙashin gida da fuskar gwani

Kowane sashe na gida da bawul ɗinsa a jikin bututu, shi ke buɗe wa ruwan zafi hanya ko ya rufe. Ja ciki ka bi bututun ɗakinta har ka samu nata. Ƙwanƙwasa shi da sifana, don gwani ba ya aiki shiru. Matar Gavin, Kerryn, ta leƙo ta ramin shiga.

"Gav, don Allah fito mu kira mai gyara."

"Mai gyaran me? Ni kunne kawai nake sa wa bututu ya faɗa min ciwonsa."

4. Ka tura ɗan hannun ƙarfen

A gefen tsohon bawul akwai wani ɗan hannu. Gavin ya tura shi har ƙarshe, ya ji ƙas, ya maƙale. Ya fito da yanar gizo a gashi, yana murna ya toshe mata ruwa.

Masu hassada za su ce maka hannun nan buɗewa kaɗai ya iya, an yi shi ne don ranar da injin bawul ya mutu. Gaskiyarsu ce, amma gwani ba ya tambaya sai ya gama aiki.

5. Ka zauna ka jira sakamako

Daga ranar, duk ɗakin da ya nemi ɗumi sai na Beryl ya ci rabonsa. Gavin yana kicin da hula da rigar sanyi biyu, sai ga ta da riga mai gajeren hannu, tana fifita da jarida.

"Kerryn, ashe mijin naki ba rago ba ne! Duk zuwan da nake yi gidan nan da rawar ɗari nake komawa. Yau kam kamar ina gida. Na fasa tafiya, na ce a aiko min da kyanwata."

Kerryn ta rungume shi har da ƙwalla. Shi ma ya yi ƙwallar, tasa daban.

6. Kada ka koma ka saki hannun

Gida duka ya san wanda ya taɓa bawul. In ɗakin ya ƙara yin sanyi, kai ne. Karɓi yabonka da hannu biyu, ka nemi wurin kallon ƙwallo a waje.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, kai da bawul ɗinka, ni ban san ka ba. Kuma kada ka zo ƙofata neman wurin kallo. Gavin ya riga ka, yana kan kujerata da rimot ɗina a hannu, ya ce ba ya tashi sai na kawo mataki na bakwai.