Yadda Za Ka Zama Mai Hikimar Dangi da Rabin Zance

Ɗan'uwa, in kana so dangi su riƙa yin tsit da ka yi gyaran murya, bi matakan nan. Na ga aikinsu a hannun kawuna mai aski, kuma na ba ka tabbaci ba sa kuskure.

1. Gyara zama. Kada ka amsa da wuri, saurin amsa na yara ne. Kalli rufin ɗaki, shafa gemu. In ba ka da gemu, shafa inda ya kamata ya fito.

2. Jingina wa kakanka. Duk abin da ya zo bakinka, ka ce shi ya faɗa. Ya daɗe da rasuwa, ba mai zuwa ya tambaye shi.

3. Kada ka ƙarasa. Nan sirrin yake. Ambaci abin da ke gabanka, ka yi shiru. Wata rana yayata da mijinta direba suka kai wa Kawu ƙara a shago, kan uwar miji mai yawan leƙa mata tukunya. Kawu ya saurara har ƙarshe, bai gane inda zancen ya dosa ba. Sai ya ɗaga abin da ke hannunsa ya ce, "Kakanmu yakan ce, shi fa almakashi..." Ya girgiza kai, ya ci gaba da askinsa.

4. Bar su su fassara. Direba ya fita yana share hawaye, wai Kawu na nufin baki biyu ne amma ƙusa ɗaya ta haɗa su. Yayata kuwa ji ta yi an ce a datse. Kafin yamma ta sauke akwatuna da yara huɗu a falon Kawu, tunda shi ya ba da shawara.

5. In ta ɓaci, kada ka sauko. Wannan matakin ne Kawu ya kasa. Matarsa ta miƙa masa tabarma, ta ce ya koma shago sai ya ƙarasa zancen. Da sauro ya gama da shi, ya tafi tasha ya durƙusa gaban direba: "Ɗana, zo ka ɗauki matarka, bayana ciwo yake." Direba ya jinjina kai, ya ce lallai wannan magana ta fi ta farko zurfi, a ba shi wata guda ya yi nazarinta.

Gargaɗi: falon da ya cika ko bayan da ya sage, babu hannuna ciki. Kuma kada kowa ya nufo ni da akwati, ɗakina ɗaya ne.