Ranar da Na Farke Motar Surukina

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗana na fari ba, ranar da aka turo motar surukina har ƙofar garajina.

Ni makanike ne a Madawa, bakin gudron, wato titin kwalta, kuma a lokacin ina ji da kaina kamar ni na ƙera mota. Abin da na yi suna a kai shi ne bwat, wato akwatin giya. Kirarina ma ni na yi wa kaina: kunnena ya fi na'ura. Mota tana tahowa sai in karkata kai, in lumshe ido, in faɗi ciwonta tun ba ta tsaya ba, mutane su ce tabarkalla. (Sau da yawa ina dacewa. In ban dace ba sai in ce ai ciwon biyu ne.)

Mutum ɗaya ne bai taɓa ce min tabarkalla ba: Alhaji, uban matata Rabi, manomin albasa a Deule. Tun ina neman aure ya ce bai ga abin da za a ci a hannun da sabulu ya gaza wankewa ba. 'Yarsa dai ya ba ni, amma motarsa, wata tsohuwar bashe mai buɗaɗɗen baya, ko tayarta bai taɓa bari na taɓa ba. Ta gaban garajina yake wucewa ya kai wa wani makanike can bayan tasha. Wallahi abin nan ya daɗe yana ci min rai.

To, Rabi ta haihu a gidansu. Ana gobe suna Alhaji ya shigo Madawa ya sayi rago, ya ɗauko mahaifiyarsa, Kaka, daga gidan ƙanwarta. Za su kama hanya ke nan giya ta ƙi shiga. Makanikensa kuma ya yi tafiya. Da na hango 'yan kabu-kabu suna turo bashen, rago a baya yana kuka, Kaka a gaba, sai na ce a raina: yau Allah ya kawo ranar wanka.

Kun dai san mu da suruki. Na cire takalmi, na durƙusa can nesa, ido a ƙasa. Shi ma bai dube ni ba. Sai ya juya ga Bulus mai walda, maƙwabcina kuma abokina, ya ce, "Ka ce mashi bites ta ƙiya. In ragon ga bai kwana Deule ba, babu suna gobe."

Bulus ya juyo ya maimaita min cewa giya ta ƙi, alhali duk Madawa ta ji.

Na ce, "Ka ce ma Baba shi tada ta, shi taka ambirayaj in ji."

Alhaji ya tayar, ya taka ambirayaj, wato kuloci, ya tura sandar giya. Ƙarrrr! Kamar ana niƙa tsakuwa. Bulus ya matso ya raɗa min, "Kai, shiga ka taka da ƙahwarka mana."

Na leƙa. A kan kujerar direba akwai buzun da Alhaji yake salla a kai. Ni, da wandona da ya sha baƙin mai, in ce wa surukina ya sauka in ɗora mazaunaina a kan buzunsa yana kallo? Allah ya kiyaye! Kuma ga jama'a sun taru suna jiran kunnen nan da ya fi na'ura. Sai na karkata kai, na lumshe ido, na daɗe haka don abin ya yi armashi.

"Ka ce ma Baba faifan ambirayaj ya ƙone. Ina jin har bwat ta taɓu. Sai an sauke."

(Duk wanda ya fara koyon aikin nan jiya ya san ana fara duba feda kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya. Ni da kaina nake koya wa mutane haka, da tsawa ma.)

Muka ɗaga mota, muka tokare ta da duwatsu, na shige ƙasa. Rana ta take, gumi yana shiga min ido, rago yana zubo min abin da ya ci ta ramin katako. Kaka kuwa an shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta samu abin yi. Ita wasa ne tsakaninmu, tun da jikarta nake aure.

"Angona, ka mutu ne can ƙasa? In ka mutu hwaɗa mani in shiga takaba!"

Da ni da Bulus muka sauke bwat, nauyinta kamar buhun gero. Na zaro faifan. Lafiyarsa lau. Na yi maza na kife shi, na girgiza kai kamar likitan da ya ga abin tsoro. Na farke bwat ɗin kanta. Haƙoranta ras, babu wanda ya ci ko ƙwayar gero. Bulus ya dube ni, na dube shi.

"Shiga ka taka," ya sake cewa.

"Yi min shiru," na ce.

Na dai sa sabon faifai, tun da mutum ba ya farke cikin mota ya rufe hannu wofi. Sai bayan la'asar muka gama ɗaurewa. Kafin nan taron ya ninka: 'yan kabu-kabu, mai shayi, har masu jiran motar garin Buza sun bar tasha sun zo kallo. Na goge hannu da tsumma, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ka ce ma Baba shi hau. Yanzu da ɗan yatsa ma za ta shiga."

Alhaji ya hau buzunsa, Kaka ta hau gefensa. Ya tayar, ya taka, ya tura.

Ƙarrrr!

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Rago ya yi kuka. Alhaji ya sake takawa. Ƙarrrr! Ina tsaye ina neman ƙaryar da zan yi, har na fara shirya zancen ciwo biyu, sai na ga Kaka ta sunkuya tana zungurar ƙasan mota da sandarta.

"Alhaji, ɗaga ƙahwa. Tun da sahe nike biɗar abin ga."

Ta zungura, ta zungura, sai ga wani abu ya gangaro daga ƙarƙashin fedar ambirayaj. Goruba. Ƙatuwar goruba, an gwaguye gefe ɗaya. Tun safe ta suɓuce mata ta maƙale a can, ta hana feda kaiwa ƙasa. Kaka ta goge ta da gefen zane. Alhaji ya taka, ya tura, giya ta shige suɓul kamar yatsa cikin man shanu.

Dariyar da aka yi ran nan, na tabbata an ji ta a Galma. Bulus, amini na ƙwarai, ya ruga bayan injin waldarsa yana riƙe ciki. Kaka ta ɗaga gorubar sama ta ce, "Angona, da ni ka tambaya da mun daɗe da isa. Kawo kayan aikin, ka amshi sanda!"

Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya sauko, ya naɗe buzunsa, ya saɓa a kafaɗa. Sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya yi min magana ba tare da Bulus ba.

"Kujera ce, ba gadon sarauta ba. Zamna ka tuƙa mu."

Haka na tuƙa su har Deule da kayan baƙin mai, surukina a gefena, Kaka tana gwaguyar gorubarta a kunnena. Rago ya kwana gida, aka yi suna. Sunan yaron na yanka daban, amma ku je Deule ku tambaya: Ɗan Goruba kowa ya sani.

Abin mamaki, tun daga ranar ni Alhaji yake kawo wa motarsa. Yana tsayawa zai naɗe buzu, ya kira Bulus ya ce, "Ka ce mashi na duba ƙasa, babu goruba."

Ni kuwa na yi wa kunne ritaya. Yanzu ko motar gwamna aka kawo, sai na fara cusa kai ƙarƙashin feda, na zauna na taka da ƙafata. Na gane kunyar da mutum ya guje wa da safe ba tafiya take yi ba. Jiransa take da la'asar, ta gayyato mutane.