Ranar da Na Yi wa Akwatin Wuta Wanka

Ina ajin ƙarshe a makarantar horon malamai, ban iya haɗa ido da mutane ba, amma babu rubutun da ke wuce ni. Ana jibi Kirsimeti, Zumuntar Mata ta cocinmu suka sa ni share ɗakin injin niƙansu a Kafanchan. Akwatin makunnin da ke bango ya yi fari fat da gari. Na goge gefensa, na ga an rubuta IP50. Na taɓa jin Kawu Bulus mai gyaran wuta yana cewa wannan lambar ce ke nuna ƙarfin akwati. Hamsin kuwa, a makarantarmu an ci jarrabawa ke nan. Sai na kwara masa bokiti guda, na cuɗa shi da soso.

Mama Laraba mai kula da injin tana danna makunni, sai tas! Hayaƙi ya tashi, inji ko motsi. Matan da ke layi da jiƙaƙƙiyar dawar kunu duk suka juyo.

Da Kawu ya zo ya buɗe akwatin, ruwa ya tsiyayo masa a takalmi.

"Wa ya yi masa baftisma?"

Na ɗaga hannu kamar a aji. "Kawu, ai ya ci hamsin."

"Biyar ɗin na ƙura ne, 'yata. Sifilin na ruwa. Ko yawu ba ya so."

Kunun Kirsimetin shekarar a kan dutse aka niƙa shi. Har yau, in na ɗauki jariri zan yi masa wanka, sai Mama Laraba ta ce, "Malama, duba lambarsa tukuna."